Ranar da Na Shiga Kotu da Kwat Biyar a Jikina

A Abuja, in ka baza kaya a bakin titi ka yi laifi. In ka ɗora su a ka kana yawo, ka yi laifi. In ka rataya su a hannu kana ɗaga wa masu mota, nan ma laifi ne, 'yan tas fos za su zo da motarsu mai buɗaɗɗen baya su kwashe ka, kai da kayan. Amma na yi iya binciken da wanda ya bar makaranta a aji biyu na ƙaramar sakandare zai iya yi, ban ji inda aka ce sa kaya a jiki laifi ne ba. Kowa ma da kaya yake fitowa. Wanda ya fito babu su, shi ake kamawa.

A kan wannan na kafa sana'ata.

Kwat nake sayarwa, ta gwanjo, irin wadda ma'aikatan gwamnati suke sawa su shiga ofis mai sanyi su zauna suna juyi a kujera. In an fasa dila a Karmo sai in zaɓo, in kai wa mai guga, da safe kuma in jera su a jikina: ƙaramar daga ciki, mai bi mata a kai, a haka har babbar da za ta rufe su duka. Biyar nake iya ɗauka. Na taɓa gwada shida, hannuwana suka ƙi sauka, na tsaya kamar wanda tela yake aunawa ya manta da shi ya tafi cin abinci.

Sai in je Wuse in tsaya inda bas-bas ke sauke ma'aikata. Ba na kiran kowa. Ina dai ɗan buɗe gaban ta saman, wuyan sauran su leƙo, baƙa, ruwan ƙasa, shuɗiya. Wanda ya sani ya sani. Zai ɗaga min gira, in bi shi bayan shagon mai caji, in yi ta ɓare kaina kamar albasa har a iso daidai shi.

Kafin nan siminti nake saukewa a Dei-Dei. Shi ya cinye min ƙirji, na yi ta tari har mai kemis ɗin unguwarmu ya ce ko in bar buhu ko buhu ya bar ni a kwance. Abin da na tara a dakon nan, shi na zuba a gwanjo. To a ranar da nake ba ku labari, duk abin da na mallaka a duniya yana jikina. In kwat ɗin nan biyar suka tafi, babu wata hanya, bayan tirelar siminti zan koma.

Ilimin shari'ata kuwa a wajen wani kwastomana na samo shi, wani matashi mai aiki a ma'aikata, ya ce lauya ya karanta. Yana gwada kwat yana duba kansa a gilashin motar mutane, na tambaye shi ko za a iya tuɓe ni a titi. Ya ce tsarin mulki ya hana a wulaƙanta ɗan ƙasa, babu jami'in da ke da ikon tuɓe mutum a gaban jama'a. Iya abin da ya faɗa ke nan. Ni kuma na ɗauka na rungume, na ƙara masa gishiri da magi, ina raba wa 'yan layinmu kyauta. Har wani dattijo ɗan yankinmu mai sayar da takalma kusa da ni, wanda muke ce wa Kawu, ya sa min suna Barista.

"Barista, yau kotu nawa ka ci?"

"Kawu, kai dai ka riƙe igiyarka."

Don shi Kawu a kan tampol yake baza takalmansa, ya ɗaura igiya a kusurwa huɗu. Da an ce ga su nan, sai ya fizgi igiyar, tampol ya zama jaka, ya saɓa ya bi lungu. Ya ce shi dokar da ya sani ke nan, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Ranar, bazara ce, irin wadda kwalta take laushi. 'Yan tas fos suka yi mana wayo, suka ajiye motarsu can nesa suka zo a ƙafa ta baya. Mai gyaɗa ce ta fara ganinsu ta ƙwala ihu. Wuri ya tarwatse. Kawu ya fizgi igiya, ɗaya ta tsinke, takalma suka watsu a titi, ya duƙa yana tsinta, a duƙen aka kama shi.

Ni bisa tsarina bai kamata in gudu ba. Ɗan ƙasa ne ni, na sa kayana, ina jiran mota. Amma ƙafafuna ba su halarci darasin ba. Sai ji na yi suna gudu. Gudu da kwat biyar kuwa, wanda ya taɓa ganin talotalo ya kumbura yana bin yaro ya ga irinsa. Ogansu ko gudu bai yi ba, tafiya ya ɗan ƙara wa sauri ya kamo ni ta wuya, ko in ce ta wuya biyar.

Wani ƙato ne mai tumbi, da jin Hausarsa a kasuwa ya tsince ta.

"Aboki, ina ka tafi da wannan kaya duka?"

"Oga, gida zan je."

"Gida. Cire shi. Sa shi mota."

"In cire me?"

"Wannan riga, duka duka."

"Oga, kayan jikina ne. Kuma a ƙarƙashinsu babu komai sai singileti, ita ma rabinta rami ne. Konstitushan ya hana a tuɓe ɗan ƙasa a titi."

Da Turanci na faɗi kalmar, don na lura ta fi tsoratarwa a haka. Ya tsaya yana kallona. Ɗaya daga cikin yaransa ya kama hannun ta saman zai ja, na ɗaga murya yadda har masu jiran mota za su ji: "Jama'a ku shaida, za a yi wa ɗan Najeriya tsirara da rana tsaka!" Nan take wayoyi suka tashi sama, kowa yana ɗauka. A garin nan ba abin da jami'i ke tsoro kamar ya ga kansa a waya yana jan rigar mutum.

Oga ya duba wayoyin, ya duba ni, ya ɗaga kai ya duba sama. Sai ya yi murmushi.

"Bar shi. Rana zai cire masa."

Aka tura mu bayan mota. Sai da mutum biyu suka ɗaga ni, don ƙafata ba ta kai ba, hannuna kuma ba ya lanƙwasuwa.

A wani fili aka kafa kotun tafi-da-gidanka: rumfar tampol, tebur, kujerun roba. A gefe an tara kayan da aka kama, lemo, cajar waya, baro, bokitin kunu, da takalman Kawu a sama an watsa su kamar ba su da uba. Duk abin da ya shiga tarin nan ya zama na gwamnati da zarar mai shari'a ta buga tebur. Mu masu laifi aka zaunar da mu a ƙasa, daidai inda inuwar rumfar ta ƙare. Mai shari'a ba ta iso ba tukuna.

Kawu ya matso kusa da ni.

"Ka ji, yaro. In an kira ka, ka ce gilti, wato ka amsa laifi. Kowa gilti yake cewa. A ba ka tara ko tsintsiya, ka kwana a ɗakinka. Ka ce wani abu daban, a ɗage shari'a, su wuce da kai gidan yari ka jira."

"In na ce gilti, kayan fa?"

"Kaya sun tafi. Ai kaya tafiya suke."

"Kawu, nawa ba su tafi ba. Ga su a jikina."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, gumi yana ɗiga daga haɓata yana jiƙa ƙasa.

"Kafin la'asar ko kai ko su, ɗaya zai tafi."

Ban taɓa sanin mutum yana da ruwa a jiki haka ba. Gumin ya bi bayana, ya cika wandona, ya taru a takalmi, in na motsa yatsa sai in ji cakwal. Ƙuda ya zo ya sauka a kafaɗata ya ji zafi ya tashi. Oga kuwa ya ja kujera cikin inuwa ya zauna saitina yana fifita da kwali. Can ya taso da ledar ruwan fiya wata mai sanyi a hannu, ya tsuguna, ya sassauta murya kamar yayana.

"Aboki, ni ba mugu ba. Cire ɗaya kawai, ka sha iska. Ni zan riƙe maka."

"Oga na gode. Sanyi nake ji."

"Sanyi."

"Zazzaɓi ne. Gadonmu ne a gida."

Na karɓi ruwan dai na shanye, don ban ji inda doka ta hana karɓar ruwa a hannun gwamnati ba.

Sai aka kira azahar a masallacin kusa. Muka ce za mu yi sallah. Nan kam ba su yi gardama ba, aka kawo jarka da buta biyu. Na tsuguna da ƙyar, na wanke hannu, na kurkure baki, na wanke fuska, sai na tsaya cak. Wanda bai taɓa sa kwat biyar ba bai san nisan da ke tsakanin mutum da gwiwar hannunsa ba. Na ja hannun riga sama, ya motsa kamar faɗin yatsa biyu ya tsaya. Na ɗago ido, sai ga Oga a tsaye a kaina, ya harɗe hannu, bakinsa har kunne. Ashe ya zauna da Musulmi, ya san alwala.

"Aboki, hannu fa? Har nan ake wankewa." Ya nuna gwiwar hannunsa.

Na raɗa wa Kawu, "In ce ina da alwala tun safe?"

"Kai da ka riga ka fara? Kuma ka yi wa wa ƙarya? Ka yi wa wannan ƙaton, ka yi wa kotu in ka ga dama, amma ban da nan."

Ya ajiye butarsa ya zagayo bayana. Ya haɗa wuyan kwat ɗin biyar ya damƙe da hannu biyu, ya danna su a kafaɗata.

"Zare hannunka ta ciki. Na dama tukuna."

Na yi ta murɗa jiki kamar maciji mai saɓa, kafaɗa tana ƙara, har hannun ya fito ta gaba. Na wanke shi har gwiwa, na mayar, na zaro na hagu. Duk tsawon wannan kwat ɗin suna kan kafaɗata, Kawu yana riƙe, yana haki, yana zagina ƙasa-ƙasa. Oga ya zagaya ta nan, ya zagaya ta can, yana neman inda ɗaya za ta zame ta taɓa ƙasa. Babu wadda ta zame. Mai gyaɗa ta yi guɗa, ɗan sandan da ke gadinmu ya juya baya kafaɗarsa tana rawa. Muka yi sallah. A sujada kam na roƙi abubuwa da yawa, amma iska na fara roƙa.

Muna sallamewa mai shari'a ta iso. Mace ce, 'yar Arewa, da tabarau da ɗankwali, ta sa baƙar kwat a kan atamfa. Ido na sana'a ya gaya min kafaɗar ta ɗan yi mata yawa, amma na bar wa cikina.

Aka fara kira. Mai gabatar da ƙara ya karanta da Turanci, ita ta maimaita da Hausa. Mai lemo, gilti. Mai caja, gilti. Mai gyaɗa tun ba a gama karantawa ba ta ce gilti. Kawu ya miƙe, ya cire hula, ya ce gilti, ya waiwaya ya yi wa takalmansa kallo ɗaya. Aka ba shi shara, aka ce kayan sun zama na hukuma.

Aka zo kaina. Sai da na dafa kan mai caja na iya miƙewa.

"Ana tuhumarka da talla a bakin titi. Ka aikata ko ba ka aikata ba?"

"Not gilti, ranki ya daɗe."

Na ji Kawu a bayana ya ce inna lillahi. Mai gabatar da ƙara ya ɗago kai a karon farko tun da aka zauna. Ya ce to sai a ɗage, a tsare ni. Mai shari'a ta ce ai wanda ya kama ni yana nan, me za a jira? Aka kira Oga.

"Ka gan shi yana sayarwa?"

"Kowa ya san shi, ma. Kullum yana wurin."

"Ban tambaye ka kowa ba. Yau, kai, ka ga mai saye?"

"A'a, ma."

"Ka ji yana kiran ciniki?"

"A'a. Amma ya gudu."

"Na ga mutane suna gudu in sun gan ku ko ba sa sayar da komai. Ina kayan da ka kama a hannunsa?"

Oga ya nuna ni gaba ɗayana.

Ta sauke tabarau ta ƙare min kallo. Ta ce dokar da ta ba su ikon kame ta yi maganar kayan da aka baza ko ake yawo da su don sayarwa, kuma aikin mai kame ne ya nuna don sayarwar ne. Ta ce ita dai ba ta ga inda aka ƙayyade yawan rigar da mutum zai sa ya fito ba. Wallahi a lokacin nan na ji kamar ni na rubuta dokar. Na waiwaya na ɗaga wa Kawu gira.

"Kai kuma, me ya sa ka sa kwat biyar a wannan zafin?" in ji mai shari'a.

"Zazzaɓi, ranki ya daɗe."

"Allah ya sawwaƙe."

"Amin, ranki ya daɗe."

Ta rufe biro. Ta jingina da kujera, ta sha ruwa, kamar an gama. Har na fara tunanin wace mota zan hau. Sai ta sake kallona, amma yanzu da wata fuska daban, irin ta matan da suke tsayawa a gaban rumfa suna juya kaya. Muryar ma ta sauya.

"Ni kuwa wannan ta saman, mai ruwan tokar nan, ta yi kyau. Ƙanena yana da intabiyu, jikinsa kamar na wancan ɗan sandan. Anya za ta yi masa?"

"Hajiya, kamar don shi aka ɗinka! Wannan ai ta farkon dila ce, ko wanki ba ta taɓa gani ba, duba cikinta ki gani, kuma tunda ke ce ba za mu yi faɗa a kuɗi ba..."

Sai na ji wurin ya yi tsit. Na duba ƙasa. Hannuna ya riga ya buɗe gaban kwat ɗin, ya juyo da shafin ciki yana nuna mata, har na ɗan matsa gaba don ta taɓa ta ji.

Mai gyaɗa ce ta fara fashewa. Daga nan kowa ya ɗauka, masu laifi, 'yan sanda, har mai gabatar da ƙara ya kifa kai a tebur. Oga yana buga cinya yana cewa, "Na faɗa! Na faɗa!" Kawu ya rufe fuska da hula.

Mai shari'a ba ta yi dariya ba, ta dai daɗe tana goge tabarau. Ta mayar, ta buɗe biro.

"Yaya zazzaɓin?"

"Da sauƙi, ranki ya daɗe."

Ta ce kotu ta gani da idonta, ta ji da kunnenta, na tallata kaya. Ta same ni da laifi. Ta ba ni shara tare da sauran. Kayan da na tallata kuma ya zama na hukuma.

Oga ya taho yana naɗe hannun riga, ya yafito yaransa. Ni kam na riga na fara jin ƙurar siminti a maƙogwarona.

"Ina za ku da mutum uku?" in ji ta.

"Za mu cire kaya, ma. Duka biyar."

"Nawa ya tallata a gabana?"

Oga ya juyo yana ƙirga wuyan kwat ɗina da ido.

"Ɗaya na ji. Mai ruwan toka. Ita na yi hukunci a kai. Sauran tufafinsa ne har sai ka kawo min shaidar da ta ce ba haka ba. Kana da ita?"

"Ma, ke ma kin san..."

"Abin da na sani daban, abin da aka nuna min daban. Ya cire da kansa, kada wanda ya taɓa shi."

Na cire ta da hannuna. Ita ce ta fi duka kyau, ita nake sa ran za ta fitar da ni wannan makon. Na ninke ta yadda nake ninke wa kwastoma, na ɗora a kan tarin, kusa da takalman Kawu. Oga ya raka ni da ido har na dawo, yana kallon huɗun da suka rage kamar wanda aka ɗauke wa kwano yana tsakiyar ci.

Aka raba mana tsintsiya, aka jera mu a bakin titi, yaran Oga suna biye da mu. Ban yarda na cire ko ɗaya ba, don hukuncin bai ce abin da zai faru in ɗaya ta sauka daga jikina ba, ni kuma na gama gwada ilimina na ranar. Haka na yi shara ina duƙawa rabi-rabi, masu mota suna rage gudu suna kallon mai shara da kwat huɗu. Wani ma ya leƙo ya ce gwamnati ta fara ɗaukar masu digiri ke nan. Wani tsohon kwastomana ya wuce, ya ɗaga min gira. Na kau da kai kamar ban taɓa ganinsa ba, na dafe bakina da hannu don kada ya sake yin aikinsa.

Kawu yana gefena, yana shara a hankali. Shi babu abin da ya rage masa, ko igiyar. Na ce in na sayar da biyu zan raka shi Karmo mu ga abin da za a iya farawa da shi. Ya tara sharar gabansa wuri ɗaya, ya dogara da tsintsiya, ya dubi ƙafafunsa.

"Barista."

"Na'am, Kawu."

"Tunda kai ka karanta, duba min. Takalmi nawa doka ta yarda mutum ya sa a ƙafa ɗaya?"